Damtse, Zinariya da Bakin Bindiga

Da sunan Allah nake fara wannan bayani. Ɗan yayana ne yake rubuta abin da nake faɗa, domin karatuna na boko bai wuce firamare ba, kuma sharaɗin da na gindaya masa shi ne kada ya cire ko kalma ɗaya daga cikin abin da zai zubar mini da mutunci, tunda da hannuna na aikata shi.

An haife ni a wani ƙauye da ke ƙasar Anka, tun muna cikin jihar Sakkwato, kafin a yanke Zamfara a shekarar 1996. Mahaifina mahauci ne, kakana ma mahauci ne, kuma kowa ya san dambe gadon rundawa ne, kamar yadda kalangu yake kiɗansu. Mu biyu ne maza a ɗakin mahaifiyarmu. Yayana ya girme ni da shekara huɗu, amma tun ina ɗan shekara goma sha biyu na kere shi tsawo da faɗin ƙirji, domin shi siriri ne mai yawan laulayi, wanda ganin jini a mahauta yake sa shi jiri. Da mahaifinmu ya ga ba zai yi fawa ba, sai ya kai shi wurin wani tela ya koyi ɗinki, da dare kuma yana zuwa zauren malam ɗaukar karatu. Ni kuwa ni ake kira idan sa ya ƙi kwanciya, in kama ƙaho in murɗe wuya har ya kai ƙasa. A gaban mutane mahaifinmu yakan dafa kafaɗata ya ce, “Wannan shi ne magajina,” bai taɓa lura da cewa yayana yana tsaye a wurin ba, ni ma ban lura ba sai bayan shekaru masu yawa.

Ina da shekara goma sha bakwai aka fara ɗaure mini hannu. Da kaka ne, an gama yankan gero, 'yan dambe suna yawo gari gari suna bin kasuwanni da bukukuwa. Aka tsaga mini damtse aka cusa magani, aka naɗe hannun dama da tsumma da igiya har ya koma kamar gudumar maƙeri, aka rataya mini layu, makaɗi ya saki kalangu yana kiran sunan kakana. A turmi na biyu na kai abokin karawata ƙasa, kuma a dokar dambe duk wanda gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa, to an kashe shi. Wanda bai taɓa tsayawa a tsakiyar fage ba, mata na guɗa, ƙura ta tashi, manya na manna masa kuɗi a goshi, ba zai gane abin da yake shiga zuciyar saurayi a irin wannan lokaci ba. Na kwana a ranar ina jin cewa na gano ma'aunin da ake auna ɗa namiji da shi, kuma ya rinjaya wajena.

Na yi kusan shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a, daga Talata Mafara zuwa Gusau, daga Kaura Namoda zuwa Sakkwato, har Kano na je na ɗaura hannu. Har gobe ba na zargin dambe da komai, domin wasa ne mai doka: idan mutum ya faɗi an daina dukansa, kuma sau da yawa wanda ka kashe da la'asar shi ne kuke cin tuwo a kwano ɗaya da dare. Laifina shi ne na fito da fagen daga inda aka shata shi, na kai shi bakin rijiya da layin awo da cikin gidana. Ba a musu da ni a majalisa, ni kuma na ɗauka gaskiya ce da ni, alhali tsoron hannuna ake yi. Wata rana, a kan jinkirin abinci, na mari uwargidana da wannan hannu, kuma har yau kunnenta na hagu ba ya ji sosai. Da daren nan yayana ya yi sallama, ya zauna a bakin tabarma, ya ce da ni, “Ɗan Inna, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne wanda ya mallaki kansa a lokacin fushi.” Na san hadisin, na sha jin sa a masallaci, amma abin da na faɗa a raina shi ne, dole mutumin da ba zai iya ɗaga buhun gero ba ya so irin wannan magana. Na ce masa ya tashi ya koma kan kekensa, ya tashi bai ƙara cewa komai ba.

A tsakanin 2008 da 2009 farashin zinariya ya tashi a kasuwannin duniya, mu kuwa ashe a kanta muke kwance. Samari suka watsar da fartanya suka nufi daji wajen Bagega da Sunke da Dareta suna haƙa ramuka, masu saye suna zuwa daga Gusau da ƙasashen maƙwabta da ɗan ƙaramin sikelinsu a aljihu. Da fari na raina abin, ina ganin tonon rami aikin gafiya ne. Abin da ya sauya mini tunani ya faru ne a wurin wani biki. Makaɗina, wanda ya yi shekaru yana cin abinci da sunana, yana tsakiyar yi mini kirari sai ga wani yaro ya iso a kan sabon babur. Yaron nan na taɓa kashe shi a turmin farko, ko gumi ban yi ba. Ya zaro damin kuɗi daga aljihu, sai makaɗin ya katse kirarina a tsakiyar kalma, ya juya kalangunsa ya bi shi, taron ma ya bi su. Na tsaya ni kaɗai ina kallon hannuna, na gane cewa an sauya ma'auni ba a shawarce ni ba. Cikin mako guda na shiga rami.

A nan ma ƙarfin jikina ya yi mini rana, domin ina fasa dutsen da mutum uku suke taruwa a kansa. Aikin kuwa ga yadda yake: a haƙo dutse a zuba a buhu, a farfasa shi da guduma, a niƙa shi ya zama gari, a wanke garin da ruwa, a zuba zaiba ta tattaro zinariyar, sa'an nan a ƙona zaibar ta tashi ta bar ɗan abin da ake nema. Da na sami kuɗin farko sai na sayi injin niƙa, irin wanda ake niƙa masara da shi, kuma saboda tsoron kada yara su cuce ni a daji, sai na kafa shi a ƙofar gida, ina kwaso buhunan dutse ina jibgewa a tsakar gida. Uwargidana tana daka ragowar a turmin da take dakan fura, ana shanya garin a inda yara suke rarrafe. Na sayi babur, na yi rufin kwano, na ƙara aure, makaɗin nan ya dawo yana kirana da sunayen da ko a dambe bai kira ni da su ba. Mahaifinmu ya riga ya rasu a lokacin, amma na sha raya cewa da yana nan da ya sake dafa kafaɗata. Yayana kuwa yana nan a rumfarsa yana ɗinka wa 'ya'yana kayan salla, in ba shi kuɗi fiye da ladan aikinsa a gaban mutane, don a gani.

Agwagi ne suka fara mutuwa. Muka ce annobar tsuntsaye ce, muka ci gaba da niƙa. Daga nan sai yara ƙanana suka fara amai da ciwon ciki, sai shiɗewa da sanƙarewa, wasu su rasu cikin kwana biyu. Wasu suka ce sanƙarau ne, wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai, wasu suka ce iska ce. 'Yata ta uku, wadda ba ta cika shekara biyu ba, ita ce mai bin uwarta gindin turmi tana cusa hannu a gari tana kaiwa baki. Ranar da ciwon ya kama ta ina da kuɗin da ban taɓa riƙe irinsa ba, na ɗauke ta a kan sabon babur ɗin nan, uwarta na rungume da ita a baya, amma ba mu kai Anka ba ta cika. A shekarar 2010 ne likitocin ƙungiyar Médecins Sans Frontières suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka gwada jini da ƙasa, aka gano cewa dutsen da muke niƙawa cike yake da dalma, kuma ƙurarsa ce take shiga jikin yara. Yara fiye da 400 ne suka mutu a wannan musiba, dubbai kuma suka kamu.

Ina so a rubuta wannan yadda yake: da aka fara gaya mana cewa dutsen ne, ina cikin waɗanda suka ƙaryata, har na ce makirci ne na masu son a kore mu su gaje ramukan. Mun ɓoye buhuna a ɗaka, mun ɓoye adadin yaran da suka mutu, domin muna tsoron a hana mu haƙa. Na yi haka ne bayan na binne 'yata. Sai da ɗana na biyu ya fara shiɗewa, uwargidana ta tsaya a ƙofar ɗaki ta ce, “Malam, ko ka fitar da dutsen nan daga gidan nan, ko ni in fita da sauran 'ya'yana,” sa'an nan na sunkuyar da kai. Ita ce ta zauna da yaron makonni a wurin likitocin ana ba shi maganin da yake fitar da dalma daga jini, aka zo aka kankare ƙasar tsakar gidanmu aka zuba sabuwa. Yaron ya rayu, yanzu ya zama saurayi, amma maganarsa a hankali take fita kuma karatu ya gagare shi. Duk da haka ban bar zinariya ba, na dai mayar da injin daji, na ce da kaina ƙaddara ce. Ƙaddara ce kuwa, amma ni na ɗauko ta a buhu na kawo ta gida.

Kafin mu farfaɗo daga wannan sai satar shanu ta yi ƙamari. Ya kamata matasan yanzu su san cewa ba haka muka taso ba. Akwai rugar Fulani a yammacin ƙauyenmu tun zamanin kakana, su suke yi wa mahaifina kiwon dabbobin da ya saya kafin ranar yanka, da rani su sauka a gonarmu shanunsu su bar mana taki, matansu su kawo nono su karɓi hatsi. A hankali gonaki suka cinye burtali da mashaya, aka yanka dazuzzukan kiwo aka raba wa masu hali, kuma idan saniya ta yi ɓarna sai a ci makiyayi tarar da ta ninka ɓarnar sau da yawa, domin kowa ya san yana da abin sayarwa. Ɓarayi suka fara kwashe garken Fulani da shanun noman Hausawa baki ɗaya, ga makamai sun yawaita a Sahel bayan faɗuwar Gaddafi a Libiya a 2011, ga kuɗin zinariya yana yawo a daji babu mai tsaro. A watan Afrilu na 2014 'yan bindiga a kan babura suka auka wa taron 'yan banga a 'Yar Galadima, cikin ƙaramar hukumar Maru, suka kashe mutum fiye da 100. Bayan wannan labari babu ƙauyen da ya sake barci da ido biyu rufe, kuma da aka tashi kafa 'yan sa-kai a yankinmu, gidana aka fara zuwa.

Na sayi bindiga ƙirar maƙera, daga baya na sayi wadda ta fi ta. Aka yi mana wankan magani, muka ɗaura guru da layu, muka yi rantsuwa. Ba zan ce babu alheri a abin da muka yi ba, domin akwai daren da muka kori ɓarayi daga bakin gari, akwai shanun talakawa da muka ƙwato, kuma a lokacin idan ka kira jami'an tsaro sai gari ya waye ba su iso ba. Amma bindiga tana da wani abu da damtse da kuɗi ba su da shi. Damtse sai ka matso kusa da mutum, kuma yana iya ramawa. Kuɗi sai mutum yana da kwaɗayi ko bukata kafin su yi aiki a kansa. Bindiga kuwa tun daga nesa take sa dattijo ya cire takalmi ya gaishe ka. Na ga masu unguwanni da malamai suna tauna magana kafin su faɗa a gabanmu, kuma daɗin wannan ya fi mini guɗar fage da kirarin makaɗi. Cikin ɗan lokaci muka zama mu ne masu kamu, mu ne alƙalai, mu ne masu zartarwa, kuma shaidar da muke bukata ba ta wuce a ce wane Bafulatani ne kuma an gan shi da waya ba.

Yanzu na zo wurin da na daɗe ina kewaye shi. Wata ranar kasuwa aka ce an ga ɗan leƙen asirin ɓarayi a kara. Muka ruga, mutane suka watse, sai na hangi wani saurayi yana gudu ta bayan rumfunan hatsi. Na fi kowa kusa da shi, na sha gabansa, na damƙe shi a wuyan riga da hannun dama. Da ya juyo sai na ga ɗan rugar nan ne ta yamma da gari, wanda nake kai wa ubansa dabbobi, wanda na sha ɗauka a wuya yana ƙarami in tsallakar da shi rafi da damina. Bai wuce shekara goma sha takwas ba. Ya dube ni ya ce, “Baffa, ai ka san ni. Tunkiyar Inna na kawo.” Igiyar tunkiyar tana hannunsa har lokacin. Da na buɗe baki na ce na san shi, na san ubansa, da an sake shi, domin maganata tana da nauyi a cikinmu. Amma idon abokaina yana kaina, an kuma fara raɗe-raɗin cewa mahauta suna sayen naman sata, na ji tsoron a ce na yi laushi ko a ce ina da hannu. Na yi shiru, na ƙara matse hannuna. Ya yi ta fizga bai iya kuɓucewa ba, domin babu wanda ya taɓa kuɓuce wa wannan hannu. Ban harbe shi ba, ban sare shi ba, kuma na yi shekaru ina faɗa wa kaina wannan magana da dare. Ni ne dai na riƙe shi har aka gama.

Mutum ɗaya ne a duk kasuwar nan ya yi magana. Yayana ya fito daga rumfar ɗinki da tef a wuyansa, ya kutsa cikinmu yana cewa, “Ku ji tsoron Allah, ku kai shi wurin hukuma, ina shaidarku?” Wani ya buge shi da gindin bindiga ya faɗi, ya tashi yana maimaita maganar, jini na zuba daga girarsa, shi da ganin jini yake sa shi jiri. Ina tsaye ina kallo. A cikin makon nan rugar ta tashi, aka ce uban yaron ya rasu ba da daɗewa ba, ƙannensa biyu kuma suka shiga daji. Yayana ya yi shekara guda yana amsa sallamata kawai.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. An kashe Buharin Daji, ƙasurgumin shugaban 'yan bindiga, a 2018 muka ce an huta, sai dabobin 'yan bindiga suka ƙaru. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu na 2019, aka yi sulhu da 'yan bindiga a wannan shekara, sulhun ya rushe, aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a watan Fabrairu na 2021. Ƙauyukan da a da suke alfahari da 'yan sa-kai suka koma tara harajin da 'yan bindiga suka yanka musu kafin a bar su su yi shuka ko girbi. Bindigarmu ta maƙera ba ta iya tsayawa gaban AK-47, wankan maganin kuwa na ga inda harsashi ya ratsa shi.

Da daminar 2021 aka tare motarmu a hanyar Gusau, bindigata tana gida a ƙarƙashin gado. Wanda ya tsaya a kaina yaro ne da bai fi shekara goma sha huɗu ba, bindigar tana neman ta kai shi tsawo, da mari ɗaya zan iya sumar da shi. Ya ce, “Kai ƙato, durƙusa.” A shekara goma sha ɗaya da na yi a fage sau uku kacal gwiwata ta taɓa ƙasa, kuma kowanne sai da na yi jinyar baƙin cikinsa. A ranar nan na durƙusa da gwiwa biyu tun bai rufe baki ba. Da suka ga girman jikina sai suka mayar da ni abin ɗaukar kaya, buhun shinkafa da jarkar mai nake ɗauka muna ratsa daji, da dare a sa mana sarƙa a ƙafa. Suka tambaye ni tabon da ke damtsena, na ce na dambe ne, suka yi dariya suka ce in yi musu kirari. Da sun san ni ɗan sa-kai ne da ba a yi maganar fansa ba. Duk baƙuwar fuskar da ta shigo sansanin sai cikina ya ɗuri ruwa, ina tunanin ko ɗaya daga cikin ƙannen yaron nan ne, ina roƙon Allah kada a sami wanda ya san ni. A waɗannan darare ne muryarsa ta dawo mini, kuma ba ta sake tafiya ba.

Ana cikin cinikin kuɗin fansa ta waya sai gwamnati ta katse layukan sadarwa a duk faɗin Zamfara a farkon watan Satumba, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka. Magana ta yanke tsakaninsu da gida, abinci ya yi ƙaranci a dajin, suka huce haushinsu a kanmu, mutum biyu daga cikinmu suka mutu. A gida kuwa an sayar da gonata da babur da injin niƙa, amaryata ta koma gidansu, uwargidana ta sayar da awakinta da kwanonin jerenta, kuɗin bai kai ba. Yayana ya ɗora kekensa na ɗinki a kai. Da aka rasa wanda zai kai kuɗin, tunda babu waya balle a yi alkawarin wuri, kuma an san sukan riƙe ɗan aike, abokaina na sa-kai kowa ya kawo uzurinsa. Shi ne ya ɗaura kuɗin a ƙugu, ya bi wani mai kai musu burodi, ya yi tafiyar kwana biyu a ƙasa. Ina ɗaure na hango shi yana shigowa da carbi a hannu, ya rame fiye da yadda na san shi. Ya yi sallama, ya ajiye kuɗin a gaban shugabansu ya ce, “Abin da muka iya samu ke nan. In bai isa ba ku riƙe ni ku sake shi, yana da yaro mara lafiya.” Suka zazzage shi, suka yi masa bulala, suka ƙirga kuɗin sau biyu, daga ƙarshe suka kwance ni. Ƙafafuna sun kumbura saboda sarƙa har ba na iya taka ƙasa sosai, sai ya sa kafaɗarsa a ƙarƙashin hammatata, muka riƙa tafiya muna hutawa. A wani hutu a gindin kaɗanya na fashe da kuka na ce, “Yaya, ka yafe mini.” Ya ce, “Ni na yafe tun tuni, ɗan Inna. Amma yaron nan yana da uwa.”

Yanzu a Gusau muke zaune, a ɗaki biyu na haya, ina dako a kasuwa, ɗana mai lalurar nan yana taya ni tura baro, kuma duk kasuwar an san shi da riƙon amana. Da kuɗin dako na fara saya wa yayana tsohon keken ɗinki, kuma a ɓoye na kai masa, da dare. Da gwamnatin jiha ta ce a watan Yuni na 2022 mutane su nemi izinin mallakar bindiga don kare kansu, da kuma lokacin da aka ƙaddamar da Askarawan Zamfara, wato jami'an tsaron al'umma na jiha, a farkon 2024, an zo mini har gida ana cewa irina ake nema. Ban ga laifin mutumin da aka ƙone masa rumbu aka ɗauke masa mata ya tashi tsaye ba, kuma ba zan zauna a birni in yi wa na ƙauye wa'azin haƙuri ba. Abin da na gaya musu shi ne ni na san abin da bindiga take tayarwa a cikina, kuma akwai jini a wuyana da ban sauke ba. Tawa na miƙa ta ga hukuma tun dawowata.

Malamin da na kai wa maganar bai sassauta mini ba. Ya ce tuba tsakanina da Allah ƙofarta a buɗe take, amma haƙƙin rai na magada ne, sai na same su na faɗi abin da na yi, su zaɓi abin da shari'a ta ba su ko su yafe. Shekara biyu ke nan ina tambayar masu tallar nono da dillalan kara labarin mutanen rugar nan, ina ajiye wani abu daga ladan kowace rana a hannun uwargidana. A watan jiya wani dattijo da ya kawo shanu ya ce ya san su, sun yi kudu, tsohuwar tana raye a wata ruga wajen Kontagora tare da 'yarta. Na gaya wa matata da 'ya'yana komai, na bar wasiyya a hannun liman. Idan an gama girbi, in Allah ya kai mu, ni da yayana za mu hau mota. Ya ce shi zai fara yin sallama ya gabatar da mu, amma maganar da bakina za ta fito.